Shekarar da Malam Ya Bar Shinkafarsa a Ruwa

Dukkanku kun san shekarar da ruwa ya cinye mana shinkafa, amma na lura kowa da irin labarin da yake riƙe da shi. Wasunku na cewa siyasa ce ta ɗauke wa babanku hankali. Kai kuwa Nasiru, ranar sunan 'yarka da bakinka ka faɗa, kana dariyar da ba ta kai ciki ba, wai Baba ya fi son zaman kwamiti a kan karatunka. Na ji, na haɗiye, domin gida cike yake da baƙi. Yanzu babu baƙi, kuma waɗanda aka rufa wa asiri duk sun riga mu gidan gaskiya, saboda haka zan faɗa muku yadda aka yi.

Sai na fara da aikin Malam, babanku, in ba haka ba ba za ku gane shi ba. Dubagari ne, wato ma'aikacin tsabta na hukuma, irin waɗanda a da suke bin unguwa gida-gida cikin kaki. A yi masa iso, mata su shige ɗaka, shi kuma ya bi magudana da salga da madafa yana dubawa. A Haɗeja an yi dubagari da yawa, amma shi da abu ɗaya ya yi suna: ba ya karɓar “mun wanke”. Ko maigida ya rantse, sai Malam ya sa hannunsa ya ɗaga faifan da aka rufe randa da shi ya leƙa, ko akwai tsutsar sauro. Idan ya ga ruwa garau ya ce madalla ya wuce, idan ya ga tsutsa a tuntsurar da randar a gabansa. Ba ya karɓar goro, ba ya karɓar kifi. Ni da nake matarsa ma ban tsira ba. Har ya yi ritaya, har ya tsufa, bai taɓa shan ruwa a gidan nan ba tare da ya leƙa randa ba, sai ka ce ni ce ƙazamar garin. Na yi fushi har na gaji na koma dariya.

Da ya ajiye aiki, sai ya kafa majalisa a gindin darbejiyar ƙofar gida. Bayan la'asar tsofaffin ma'aikata su taru, kowa da 'yar rediyonsa. Babban abokinsa, kuma babban abokin gardamarsa, shi ne Malam Hamza, tsohon hedimasta, dogo mai fara'a, wanda rabin manyan garin nan sun sha bulalarsa kuma suna sonsa. A lokacin zaɓe ya matso, kuma babu abin da ake yi a rediyo sai maganar fansho. Wasu 'yan siyasa na cewa nauyin ya yi wa baitulmali yawa, ga matasa babu aiki, ga asibitoci babu magani, ga sunayen matattu ana ta karɓar kuɗi da su, don haka a rage, a tace. Wasu kuma na cewa tsadar rayuwa ta bar tsofaffi a baya, abin da ake ba su ba ya kai su tsakiyar wata, don haka a ƙara. Malam yana tare da na farko, ko da yake shi ma da fanshon muke ci. Cewa yake dukiyar jama'a amana ce, kuma kafin a yi zancen ƙari sai an fitar da ɓarayin da ke ci da sunan mamata. Malam Hamza kuwa cewa yake wanda ya ba ƙasa ƙuruciyarsa ba sadaka yake roƙo ba, haƙƙinsa ne, kuma ba daidai ba ne a bar mai rai da yunwa don ana farautar matacce. Ina jin su ta kan katanga ina tankaɗe, kuma ni a raina bayan Malam Hamza nake, tunda ni ke auna kwanon gero na san inda wata yake ƙarewa.

Kullum da irin maganar da suke tashi. Malam Hamza ya kaɗe babbar rigarsa ya ce:

“Dubagari, kai ko Aljanna aka ce ka shiga, sai ka ɗaga faifai ka leƙa tukuna.”

Malam ya ce, “Kai kuma Hedimasta, da baitulmali a hannunka yake, da kafin azahar ka rabar.”

Sai su yi dariya, su jera zuwa masallaci.

Ana cikin haka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Malam Hamza. Ɓangaren damansa ya mutu, bakinsa ya karkace, magana sai da ƙyar. 'Ya'yansa duk mata ne, suna gidajen aurensu, zaman gari kuma ya gagara, sai matarsa Asabe ta mayar da shi ƙauyensu da ke hayin kogi, inda aƙalla akwai dangi. Fanshon nan shi ne abincinsu, shi ne maganin hawan jininsa. Majalisa ta yi sanyi. Malam ya kan faɗi ra'ayinsa ya waiga gefen da Hedimasta ke zama, ya ga ba mai musa masa, sai ya kashe rediyo.

Da damina ta yi nisa sai ga sanarwa za a yi tantancewa. Duk ɗan fansho sai ya kawo kansa gaban kwamiti an gan shi ido da ido, wanda ba a gani ba har a rufe ranar Alhamis za a ɗauke shi a matsayin ya rasu, a cire sunansa. Kowa kuma ya san cire suna ba wuya, mayar da shi ne aiki, akwai waɗanda suka yi ta zirga-zirga har suka mutu ba a mayar ba. Aka sa Malam a kwamitin a matsayin wakilin tsofaffin ma'aikata, domin an san ra'ayinsa, an kuma san ba a sayensa. A zaman farko wani ya kawo shawarar a riƙa karɓar shaidar mai unguwa, Malam ne ya miƙe ya ce a'a, sai an ga mutum. Ya dawo gida yana ba ni labari yana jin daɗi.

Shekarar kuma ita ce ta babban ruwa. Sama ba ta ɗauke ba, kogi kuma ya yi ta cikowa daga yamma. Maza suka koma kan jinga, wato bangon ƙasar da ke tare ruwa, suna cika buhuna da yashi suna jerawa. Gonarmu ta fadama ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba, shinkafa ta nuna ta sunkuyar da kai, ruwa kuma ya shiga ya kai wa mutum ƙugu. A irin wannan hali yanka ɗaya ake yi: maza su shiga ruwa da lauje su riƙa yanko kan shinkafar suna lodawa a kwalekwale. Sai kwalekwale ya zama abin rububi, kowa na nema. Da ƙyar Malam ya sami wani babba da mazansa, kuma rana ɗaya tak aka ba shi, Alhamis ɗin nan, bayan ya roƙi shugaban kwamiti ya ɗaga masa zaman ranar. Kai Nasiru a lokacin ka gama sakandare ka sami gurbi a kwaleji, kuma da wannan shinkafar za a kai ka. Duk gidan mun san haka.

Ranar Laraba da hantsi wani masunci ya kawo saƙon Asabe. Ruwa ya yanke hanyar ƙauyensu, ƙananan kwalekwalen da suke da su ba za su ɗauki mutum a kwance ba, ciyawar kacala kuma ta toshe gajeriyar hanyar ruwa, sai an zagaya. Ta ce ba ta san wanda za ta gaya wa ba sai Malam. Malam ya sa hula ya tafi wurin shugaban kwamiti. Ya nemi a ƙara kwanaki, aka ce umarni daga sama yake. Ya nemi a tura mutum biyu su je su gano shi, aka ce ba a tsara haka ba, aka kuma tuna masa, cikin ladabi, wanda ya dage sai mutum ya zo da kansa.

Bayan la'asar kawunku Shehu ya zo. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne magatakardan kwamitin, kuma da kyakkyawar niyya ya zo. Ya zauna a bakin tabarma ya rage murya ya ce abin ai mai sauƙi ne. Malam wakili ne, idan ya sa hannu cewa ya ga Malam Hamza, shi zai shigar, babu wanda zai tambaya.

“Yaya, duk garin nan an san yana da rai. Ba ƙarya za ka yi ba.”

Malam ya ce, “Yaushe na gan shi?”

“Ai ka je masa da ƙaramar salla.”

“Da ƙaramar salla na gan shi. Yau ban gan shi ba. In na sa hannu a kan wanda ban gani ba, gobe wani zai sa a kan wanda ke kabari, kuma ba ni da bakin da zan hana shi.”

Shehu ya dube ni, na dube shi. Mun san muryar nan, ita ce ta bakin randa. Da ya tafi, Malam ya ce mini da kwalekwalen gobe zai je ya ɗauko Hedimasta. Ni kuwa na buɗe baki na faɗi duk abin da ke cikina, kuma har yau ban ce na yi kuskure ba. Na ce masa ga hanya mai sauƙi an kawo masa har gida ya ƙi. Na ce shinkafar nan ba tasa ba ce shi kaɗai, karatun yaro ne, abincin shekara ne. Na ce taurin kai ba ibada ba ne. Ya bar ni na gama, yana kallon ƙasa, sannan ya ce:

“Rakiya, dokar nan da bakina na ce a kafa ta, kuma har yanzu ina ganin daidai ce. Amma in za ta danne Hedimasta, ni ya kamata in sa kafaɗa, ba shi ba.”

Na ce, “To Nasiru fa?”

Ya sake sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa. Ya ce, “Nasiru zai iya jiran shekara guda. Hedimasta ba zai iya ba.”

Tuwon ranar a gabansa na dangwarar da shi.

Da aka idar da sallar asuba ya ɗauki lema da bargo ya fita. Abin da ya faru a hanya daga bakin mai kwalekwalen na ji shi, daga baya kuma Asabe ta cika mini sauran. Hanyar ta gefen gonarmu ta bi. Mai kwalekwale ya ga ruwa ya kusa kai wa wuyan shinkafa, ya ce su tsaya ko kaɗan ne su yanka, tunda ga laujuna a jirgi. Malam ya tambaye shi ko in sun tsaya za su dawo kafin a rufe. Ya ce gaskiya da wuya. Sai Malam ya juya wa gonar baya ya ce a tuƙa. Mutumin ya ce mini shi da ba gonarsa ba sai da ya yi ta waiwaye, amma mai gonar bai waiga ba ko sau ɗaya. Suka zagaye kacala, wani wuri da sanda, wani wuri mazan su sauka su tura. Da suka isa, aka ciro ƙyauren ɗaki aka kwantar da Malam Hamza a kai, dangi suka ɗauko shi a kafaɗa cikin ruwa har jirgi. Asabe ta ce da ya ga wanda ya zo, sai hawaye ya gangaro ta gefen bakinsa da ya karkace. Malam ya yi kamar bai gani ba, ya buɗe lema ya riƙe masa, ya shiga ba shi labarin wani ɗan majalisa da ya ji a rediyo yana cewa a rage fansho, wai mutumin ya yi magana mai ma'ana. Malam Hamza ya fara gurnani yana kaɗa hannunsa mai lafiya. Haka suka taho, ɗaya na tsokana ɗaya na gurnani, Asabe na kuka tana dariya.

Ni kuwa duk da fushina, da azahar ta wuce sai na dama fura na zuba a kwano na tafi bakin ruwa, na tare mai adaidaita sahu na ce ya jira. Da kyau na yi hakan, don la'asar ta gabato kafin su ɓullo. Malam ya jiƙe har ƙirji, laka har gemu. Muka sa Malam Hamza a adaidaita, kansa a cinyar Asabe, muka nufi makarantar firamaren da ake tantancewar. Tsofaffin da suka rage a layi suna ganin ko wane ne suka dare, wasu na cire hula suna goge ido, don da yawansu tare suka yi aiki. Shugaban kwamiti ya leƙo ta taga ya ce ba sai an sauko da shi ba, sun gani, a rubuta. Malam ya ce a'a, daga taga ba gani ba ne, su fito. Suka fito su duka, har da kawunku Shehu. Malam ya ce a tambaye shi sunansa kamar yadda ake tambayar kowa. Aka tambaya. Malam Hamza ya yi ta kokawa da harshensa har ya fitar da sunansa da na mahaifinsa. Sannan ya ɗaga yatsa, alamar bai gama ba, ya dubi shugaban ya ce:

“A... ƙara... fansho.”

Wuri ya ɓarke da dariya. Malam ya juya ga Shehu ya ce, “Rubuta yana da rai, tunda ya fara.”

A tsawon zamana da babanku ban taɓa jin girmansa ya cika mini ido kamar a wannan tsakar makarantar ba, yana tsaye cikin laka yana rawar sanyi. Na miƙa masa furar. Ya karɓa, ya ɗaga murfin kwanon ya leƙa kafin ya sha, ni kuma na bar shi ya leƙa.

A wannan ranar ce jingar da ke sama da fadamarmu ta ɓalle. Da aka je washegari babu abin da ake gani sai ruwa. Ba mu tsira da ko dami ɗaya ba. Shekarar dawa muka ci, na sayar da keken ɗinkina, kai kuma Nasiru ka zauna a gida kana kallon abokanka suna tafiya. Ka san duk wannan. Abin da ba ka sani ba shi ne dalilin da ya sa ba a gaya maka ba. Malam ya hana ni, ya hana Shehu, ya roƙi mai kwalekwale. Ya ce in magana ta fita za ta koma kunnen Hedimasta, kuma mutumin da ke kwance ba ya iya juya kansa bai kamata a ɗora masa nauyin gonar wani ba. Mutanen gari sun ga an kawo Malam Hamza, amma ba su san jirgin yankan shinkafarmu ne ya ɗauko shi ba. Abin da suka sani shi ne ranar da kowa ke ceton gonarsa an ga Dubagari a wurin kwamiti, sai aka ce siyasa ta shiga kansa. Ya ji, ya bar su. Ka yi wata da watanni ba ka zama inda yake, yana gani, kuma na san yana masa ciwo, don ya kan tambaye ni ko ka ci abinci alhali kana ɗakin da ke kusa da shi.

Kada ku ɗauka ya sauya ra'ayi. Har ya rasu yana cewa a fitar da sunayen matattu, kuma in an yi zancen ƙari sai ya tambayi inda za a samo. Abu ɗaya ya ƙara a kai. Ya ce in hukuma na son ganin mutum, kuma mutumin ba ya iya tashi, to ita ya kamata ta taka ta je, kamar yadda shi ya taka gidajen mutane tsawon aikinsa. Ya tara tsofaffin majalisarsa suka yi ta sintiri, ofis-ofis, har aka gaji da ganinsu. Ban ce su kaɗai suka jawo ba, amma daga baya an fara bin marasa lafiya gida. Malam Hamza ya ƙara wasu shekaru yana shan maganinsa, ya rasu a ɗakinsa bai taɓa sanin zancen shinkafar ba. Asabe sai bayan ta fita takaba na gaya mata, ta rufe fuska da mayafi ta daɗe ba ta buɗe ba.

Gardamar fansho kuwa har gobe ana yi. Duk zaɓe sai na ji ta a rediyo, waɗannan su ce a rage, waɗancan su ce a ƙara, ni kuma in tuna mutum biyu a gindin darbejiya.

A shekarar babanku ta ƙarshe, da ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa, tantancewa ta sake zagayowa. Wasu samari biyu daga kwamitin suka zo gida, suka tsaya a zaure. Na fita muka gaisa. Babban cikinsu ya ce don girman Baba ba sai sun shiga sun dame shi ba, maganata ta isa. Ashe yana jin mu. Daga can cikin ɗaki muryarsa ta fito, siririya amma ita ce dai:

“Rakiya, ce su shigo.”

Suka cire takalma suka shiga. Babban ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe shi, ya ce shi ke nan, Allah ya ƙara sauƙi. Malam yana cikin gidan sauro, ba a ganin komai sai inuwarsa. Ya ce:

“Matso. Ɗaga ka duba.”

Saurayin ya matsa ya ɗaga gidan sauron, suka haɗa ido.

“Ka gan ni?”

“Na gan ka, Baba.”

“To yanzu rubuta.”

Kai ka riƙe musu labule a ranar, Nasiru, kuma na ji ka yi ɗan tsaki ƙasa-ƙasa, kana ganin rigimar tsufa ce. Na so in gaya maka a lokacin, amma yana kwance yana jina, kuma bai ɗage mini hanin ba. Kwalejin ka yi ta, ko da an makara, ga ka nan da iyalinka. Shekara guda ya ɗauka daga hannunka bai tambaye ka ba, kuma ya san ya ɗauka. A makon da zai rasu ya ce mini in ka taɓa tambaya in gaya maka inda ya kai ta. Ba ka tambaya ba, ni kuma na gaji da jira.